Yadda Ake Ɗora Gwanki a Bayan Mota Ba da Hannun Kowa Ba

In ka tambayi Sa'idu mahauci wane ne Ɗan'azumi, zai goge wuƙa a cinya ya ce, "Shofer? Ai tun ran da ya samo perimin tuƙi daga Yamai wuyansa bai ƙara lanƙwasawa ba." In ka tambayi Alhaji Labo, mai motar da yake tuƙawa, zai ce, "Tuƙi kam ya iya. Da ana kashe bakinsa da makulli kamar inji, da ba ni da kuka da shi." Barira, matar yayansa, wadda ta riƙe shi tun yana ɗan shekara shida, cewa take, "Ni nake shanya tabarmar da yake jiƙawa. Yanzu in ya gan ni a hanya yatsa biyu yake ɗago mini ta taga." Shi kuwa yayan, Mumuni mahalbi, in ka tambaye shi sai ya ce, "Ƙanena ne." Ba ya ƙarawa.

Wannan Ɗan'azumi shi ne mutum na farko a ƙasar Gaya da ya ɗora gwanki a bayan mota shi kaɗai, shekara uku bayan samun ƴancin kai. Ni ɗinki nake a bakin tasha, wani abin na gani, wani na ji daga baki huɗu, na haɗa wuri guda. Malaminmu na makarantar manya ya ce duk aikin da aka jera da lamba kowa zai iya bi. To ga shi na jera maka. Daga nan kai ne Ɗan'azumi: yayansa yayanka ne, motarsa motarka. Ka bi daki-daki, na ɗaukar maka alkawari gwankinka zai hau mota, babu hannun da zai taɓa shi sai naka, ƙafafu huɗu kuma duk naka ne.

Mataki na 1: Ka san abin da kake gudu

Mahalban ƙasar nan suna da doka, ita ce abokiyar gabarka. Duk wanda ya sa hannu aka ɗaga nama daga ƙasa, ƙafar gaba tasa ce, ko da yatsa ɗaya ya tallafa, ko da baƙo ne mai wucewa. Ba a musu, ba a kai ƙara. Haka kakanni suka bari, don su ba su da mota, ba su kuma san ciwon shiga gari da gwanki mai ƙafa uku ba.

Kai kuwa ka riga ka tsaya tsakiyar tasha bayan sallar Juma'a ka ce ran kasuwa za ka shigo Gaya da gwanki, ƙaho a sama, ƙafa huɗu cif, kai kaɗai, yadda Nasaran da ka yi wa yaron mota yake yi. Kada ka tsaya tuna cewa in Nasara ya halbi nama mutum shida ke ɗaga masa, kai ne na shidan. Tunani irin wannan yana kashe gwiwa.

Ka je wurin mahauci ka yi tambaya cikin dabara, kamar wani ne ya aiko ka: wanda ya nuna sawu fa, mene ne rabonsa? Za a ce maka godiya kawai. Ka riƙe amsar nan da kyau. Ita ma godiyar ba wanda ya ce dole yau.

Mataki na 2: Ka tara kayan aiki

Mota tukuna. Ƙarama mai buɗaɗɗen baya, wadda muke cewa bashe. Ka jira ranar da Alhaji ya ƙetara gada zuwa Dahome ya bar makulli a hannunka. Sai bindiga mai baki biyu da Nasara ya bar maka don ta yi masa nauyi a jirgi. Sai farin wando, baƙin tabarau, igiya guda, wuƙar aljihu, da kwalbar ruwa ɗaya. Kada ka ɗauki biyu. Mutum mai ilimi ba ya daɗewa a daji.

Abu na ƙarshe, ka tanadi yaya. Ya zama wanda ya kwana uku yana bin sawu cikin giginyoyin hanyar Bengou don kawai ka ce kana so. Da sassafe zai zo tasha da bakansa da gorar ruwansa, ya kama marfin gaba. A nan za ka nuna masa zamani ya sake. Ka tabbata masu shan koko suna ji.

"Yaya, baya za ka hau. Gaba akwai takardu."

"Takardu?"

"Perimi. Ba ya son warin daji."

Za a yi dariya. Wasu za su yi don maganar, wasu don suna son ka rage musu hanya wata rana. Duk dariya ce, ka karɓa. Shi zai saki marfin, ya zagaya ya hau baya, ya zauna a kan tayar ajiya.

Mataki na 3: Ka karɓi ilimi, ka sauke mai shi

Tafiyar ba ta da nisa. A gindin wata tsamiya zai buga rufin mota. Ka tsaya. Zai sauka ya tsuguna, ya nuna maka wasu ƴan ramuka a ƙasa waɗanda a idonka ba su da bambanci da sawun jaki. Ka gyaɗa kai kamar kai ma ka gani. Zai ɗebi ƙasa ya saki, ya duba inda iska ta kai ta.

"Shina nan gaba, bakin tsohon ramin tsakuwa, akwai sauran ruwa a kusurwa guda. Babba ne, shi ɗaya, garke ya kore shi. Ka bi ta yamma kar iska ta kai mashi warinka. In ya faɗi ka fara hidda ciki, ranar bazara ba ta jira."

Ya gama amfani. Ka tada inji kafin ya miƙe.

"Yaya, ka jira ni nan cikin inuwa. Yanzu ƙasa ta samu ƴanci, kowa shi ɗauki kayanshi da kanshi."

Ka taka mota. Kada ka dubi madubi. An yi shi ne don gyaran hula.

Mataki na 4: Halbi

Wannan shi ne mai sauƙi, shi ya sa kowa ke ba da labarinsa. Za ka same shi daidai inda aka ce, tsaye, ƙahonsa lanƙwashe baya. Ka saki baki na farko. Zai sami giginya. Babu laifi, giginyar ma ta san ka zo. Ka saki na biyu da ido a rufe, sauran na Allah ne. Gwanki zai yi tsalle biyu ya faɗi kamar taku goma daga bakin ramin.

Ka sheƙa a guje, ka yi bisimilla, ka yanka kafin rai ya fita. A nan kaɗai ba ni da abin gyara maka, a gidan mahalba ka tashi.

Yanzu ka ɗora ƙafa a wuyansa, ka dogara bindiga, ka duba gabas da yamma. Babu kowa. Kai ka so haka. Sai ka sauke ido ka dube shi da kyau. Daga cikin mota ya yi kama da babban bunsuru. A gabanka doki ne ya rasa sirdi.

An ce ka fidda ciki. Kada ka fidda. Mutanen Gaya ba su taru don ganin fanko ba.

Mataki na 5: Ka ɗaga

Ka kawo mota da baya har kusa da shi, ka sauke marfin baya. Tsayinsa zai kai maka ƙugu. Ka kama ƙaho biyu, ka ce ya Allah, ka ɗaga. Kai da wuya za su taso, sauran zai zauna inda yake kamar bai ji labari ba. Ka jingina haɓarsa a kan marfi, ka zagaya da sauri ka kama ƙafafun baya. Kafin ka isa, kan ya sauko.

Ka sake. Wannan karon ka fara da baya. Ka ɗora ƙafa guda, ka ruga gaba, ka ji ƙafar ta faɗo.

Za ka lura gwanki yana da gaba da baya, kai kuwa wuri ɗaya kake iya tsayawa. Laifin gwanki ne, ba naka ba. A gwaji na bakwai za ka shiga ƙarƙashin wuyansa da kafaɗa, santsin jini ya kwashe ka, ƙaho ya sami farin wando ya buɗe shi daga gwiwa har inda ba a faɗa. Ka gode Allah da ba ka zo da kowa ba. Ka ga amfanin shiri ke nan.

Mataki na 6: Ka koma ga ilimi

Ƙarfi na jahilai ne. Kai mai perimi ne, ka yi tunani.

Na farko, igiya da reshe. Ka ɗaura a ƙaho, ka jefa bisa reshe, ka ja ya tashi sama, ka turo mota ƙarƙashi. Dabara ce mai kyau. Ka ɗaga kai ka nemi reshe. Dajin giginya kake. Shekara ashirin da biyar kana shan ƴaƴanta kana cin muruci, yau ka lura ba ta da reshe.

Na biyu, kirik, ƙarfen nan da kake ɗaga mota in taya ta fashe. Abin da ya ɗaga bashe ai zai ɗaga dabba. Ka tura shi ƙarƙashin ciki ka yi ta murɗawa. Ƙarfen zai hau, gwanki ba zai hau ba, cikin ne zai haɗiye shi. A murɗi na ashirin mamacin zai ba ka amsa ta baya, doguwa, mai wari. Kada ka mayar masa. Ba a gardama da wanda aka yanka.

Na uku, ka hau bayan mota ka ɗaura igiya a ƙugunka, ɗaya bakin a ƙaho, ka dage ka ja. Ɗayanku zai je wurin ɗaya. Idan ka tashi daga ƙasa ka tofar da yashi, za ka san wane ne.

Kana iya ce wa ranka wurin tsayuwar motar ne bai yi ba. Ka shiga ka gyara ta, ka yi baya da fushi, tayar hagu ta leƙa bakin ramin tsakuwa. Ka danne birki, ka fito ka zagi ramin da wanda ya haƙa shi. Rami a tsakiyar daji, don Allah amfanin me?

Mataki na 7: Ka kori masu taimako

Wannan mataki ya fi duka wuya, don a ƙasar nan mutum ba ya samun sararin wahala shi kaɗai. Wajen tsakar rana za ka ji kukan jakai. Mata uku ne da lodin gishirin Fogha, sun makara za su kasuwa. Ta gaba ita ce Jumma, ɗiyar gwaggonka, taubashiyarka, wadda al'ada ta ba ta izinin faɗa maka duk abin da ya zo bakinta. Ka zauna da sauri, ka haɗe gwiwoyi saboda wando.

"A'a! Bawan gidanmu ne? Sannu da kokawa. Wa ya kada wani?"

"Hutawa nike."

"Na gani. Shi ma hutawa shike. Ku zo ku ga shofer, ƴan uwa, ya kawo fasinja ya ƙi hawa."

"Jumma, ki kama hanyarki."

"Mu uku ne, kowace ta fi ka ƙwanji. Tashi mu kama maka."

Za ta ɗaure zane ta nufo ƙafar baya. Ka manta da wando, ka tashi ka tare ta da hannu biyu.

"Kar ki taɓa!"

Za ta tsaya ta dube ka daga sama har ƙasa, ta daɗe a ƙasan.

"Don ƙafa guda, Ɗan'azumi? Ukun da sunka rage ba su ishe ka rawa ba?" Sai ta waiga hagu da dama. "Ina Yaya Mumuni? Kai ko sawun saniya ba ka iya bi."

"Shina can baya. Inuwa."

A nan dariyar za ta ɗauke daga fuskarta. Kada abin ya dame ka, mata haka suke da rana.

"Ka hidda mashi ciki dai, ya fara kumbura. In ka kai la'asar haka, ko kare sai ya yi shawara kafin shi ci." Za ta kwance bakin buhu ta zuba maka tafi guda a kan marfin mota. "Ga gishiri. Ba don nama ba, ka barbaɗa ma kunyarka, ita ta fara wari."

Ka bar su su tafi. Ka ƙirga ƙafafu. Huɗu. Kana kan hanya.

Mataki na 8: Ka yi shawara da ungulu

Ruwanka ya ƙare tun a mataki na shida. Inuwar giginya tana can sama tare da giginyar. Ka shiga ƙarƙashin mota ka kwanta, daga nan kana ganin cikin gwanki yana tashi a hankali kamar ana hura shi, ƙudaje kore sun kafa kasuwa a wuyansa. Ungulu ta farko za ta zo ta yi zagaye, ta koma ta kira dangi.

Ka auna hanyoyinka. Ka yanka shi gunduwa-gunduwa da wuƙar aljihu? Za ka gama ranar Alhamis, kuma ba gunduwa ka yi wa tasha alkawari ba. Ka bar shi ka ce zaki ya ƙwace? Jumma ta riga ka zuwa kasuwa, da ita da bakinta. Kuma a wurin mahalba babu abin kunya kamar a kashe nama a bar shi ya ruɓe. Ba sunanka za a kira ba, kai shofer ne. Gidan da ya nuna sawu za a kira.

Saura hanya ɗaya: ka koma gindin tsamiya. Mota za ta kai ka kafin ka gama tunanin abin da za ka ce. Matsalar ke nan. Ka zauna inda kake. Mutum mai mutunci ya fi son ungulu ta gan shi a haka da yayansa ya gan shi.

Mataki na 9: In ya zo, ka bar shi ya fara magana

Zai zo. Wasu sun ce Jumma ce ta tsaya a tsamiya. Shi ya ce ungulu ya bi. Daga ƙarƙashin mota ƙafafunsa za ka fara gani, da takalmin taya, farare da ƙura. Ka fito da rarrafe. Ka gyara tabarau, ko da gilashi ɗaya ya saura.

Ba zai yi dariya ba, kada ka sa rai. Dariya da ta fi sauƙi. Zai ajiye gorar ruwa a ƙasa, ba a hannunka ba. Zai zare wuƙarsa ya ajiye kusa da ita. Sannan ya mai da hannuwansa biyu baya, ɗaya ya riƙe ɗaya, ya ja da baya taku uku.

"Sha. In ka sha ka ɗauki wuƙa. Daga nan za ka fara, ƙasan ƙirji. A hankali, kar ka huda tumbi."

Ka yi yadda aka ce. Ba biyayya kake ba, shawara kake ji. Ciki zai zubo, ka ja shi gefe, ungulu su yi maka godiya. Zai sunkuyo ya shinshina daga nesa.

"Bai ɓaci ba. Saura kaɗan. Ɗaura igiya a ƙaho, ɗaya bakin a ƙarfen bayan mota. Ja shi har bakin rami, kar ka wuce."

"Rami kuma, Yaya?"

"Ja."

Ka ja. Gwankin da ya ƙi ka tun hantsi zai bi mota kamar akuya. Zai ce ka kwance, ka zagaya ta kudu, akwai gangara da ciyawa ta rufe. Ka gangara cikin ramin, ƙasan tsakuwa ce mai tauri. Ka yi baya, ka yi baya, har ya ce tsaya. Ka fito ka duba. Gaɓar ramin da bayan motar sun yi daidai kamar an auna da zare. Gwanki na kwance a sama, bashe na jira a ƙasa.

"Hau ka mirgina shi."

Ka kama ƙafafun da ke sama ka mirgina. Sau ɗaya. Zai faɗa ciki, mota ta yi ƙasa ta dawo.

Zai yiwu bakinka ya riga hankalinka, ka ce a ina ya koyi lodin mota, shi da bai taɓa zama gaba ba. Da ka yi shiru.

"A nan. Wata huɗu munka yi muna loda ma Nasara tsakuwar hanyar Dosso, lokacin aikin tilas. Mu munka haƙa ramin. Kana goye bayan Inna in ta kawo man hura."

Ka duba wani wuri. Akwai giginyoyi da yawa, ka zaɓi ɗaya.

Mataki na 10: Ka ƙirga ƙafafu

Huɗu. Ƙaho biyu. Ka rufe shi da ganyen giginya don rana, ka bar ƙahon a waje. Yayanka zai goge wuƙarsa da yashi, ya rataya gora, sannan ya buɗe maka tafin hannuwansa biyu. Babu jini, babu gashi ko ɗaya.

"Ka gani? Ban taɓa ba. In an tambaye ka, ka ce kai ɗaya ka ɗora. Ba ka yi ƙarya ba."

Ya juya ya kama hanyar Gaya da ƙafa.

Ka shiga mota ka cim masa. Ka rage gudu, ka leƙo.

"Yaya, hau mana."

"Baya ta cika."

"To zo gaba."

"Akwai takardu."

Hanya a buɗe take, kana iya wuce shi, kafin ya kai rabi kai ka gama shan kirari. Ƙafarka ce za ta ƙi takawa. Kada ka tsorata, ba ciwo ba ne. Ka bi shi a baya da tafiyar jaki, inji yana tafasa. Ka gwada duk abin da mutum zai iya faɗa ba tare da ya faɗi komai ba. Ka ce rana ta yi zafi yau. Zai ce ta yi. Ka ce ƙafar gaba tasa ce, kyauta. Zai ce bai taɓa ba, ba shi da rabo. Ka ce biyu, har da hanta. Zai ce a kai wa Alhaji, motarsa ce ta ɗauka. Ka danna kilakson, ƙahon mota, kaɗan don wasa. Ba zai waiwayo ba. Tsuntsaye ne za su tashi.

Haka za ku yi ta tafiya har a hango rufin kasuwa.

Mataki na 11: Ka yi shiru ka ci nasara

Bayan la'asar za ku shigo tasha, mutum a gaba da baka, mota a baya tana huci. Jama'a za su taso. Jumma ta riga ta shirya su, sun zo ganin gwanki mai ƙafa uku ko mota wayam. Sa'idu mahauci zai yaye ganye ya ƙirga da ƙarfi.

"Ɗaya, biyu, uku... huɗu! Kai! Shofer, wa ya kama maka? Ka faɗi gaskiya, a ba mai ƙafa ƙafarshi."

Ba sai ka buɗe baki ba. Yayanka ne zai amsa, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Shi ɗaya ya ɗora. Ni shaida ne."

Maganar Mumuni ba a sake aunawa a Gaya. Guɗa za ta tashi, wani ya buga rufin mota, wani ya ce Nasara ma bai yi haka ba. Abin da ya rage maka kaɗan ne: ka zauna cikin mota saboda wando, ka ɗago yatsa biyu ta taga, ka bar yayanka ya ratsa taro ya tafi gida. Gobe ka gaishe shi kamar kullum, zai amsa kamar kullum, haka har ɗayanku ya mutu. Shi ke nan, ka gama.

Alkawarina ya cika, ka duba da kanka: nama a mota, hannu naka kaɗai, ƙafa huɗu. Abin da ya biyo baya ba ya cikin lissafina. Wanda bayansa ya ƙage, ga wanzami. Wanda naman ya tsaya masa a wuya ya ƙi wucewa, kada ya zo rumfata, ni tufafi nake ɗinkewa. Wanda kuma ya bi matakai goma ya kasa na sha ɗaya, shi ya sani, ban koya masa haka ba.

Na faɗi wannan ne don shi kansa Ɗan'azumi na gaskiya a nan ya ɓata aikin, a gaban rumfata, ina gani. Ana cikin guɗa ya ce wani abu ta taga, ƙarar inji ta cinye. Mumuni ya riga ya kai bakin taro. Sai Ɗan'azumi ya kashe motar. Ya buɗe marfi ya fito da wandon nan yadda yake, wata ta ce subhanallahi ta rufe wa ɗiyarta ido. Ya cire hula, ya cire abin da ya saura na tabarau, ya ratsa mutane har ya sha gaban yayansa, ya tsuguna cikin ɓawon rake da kashin jakai. Masu shan kokon safe suna nan, su ne a sahun gaba. Ya yi magana, har mai gishiri ta can ƙarshe ta ji.

"Yaya, kai ka bi sawun, kai ka ɗora shi, ko da ba ka taɓa ba. Nan na wulaƙanta ka da safe, na kuma yar da kai cikin daji. Na yi maka laifi. Don Allah ka gafarta mani."